Kaka a Lambun Kaka

Ranar wata Laraba a ƙarshen Oktoba, muna fitowa daga lakca, wayata ta yi ƙara. Kawu ne, yayan mahaifiyata. Kawu ba ya kiran mutum don gaisuwa kawai, saboda haka tun kafin in ɗaga na fara lissafin ko rasuwa aka yi.

"Ɗan boko, an ce yanzu kun iya awon fili?"

Na ce, "Ana dai koya mana, Kawu."

"To ka zo ran Asabar da kayan aikinka. Lambun Malam za ka auna, ka yanka mana shi fuloti-fuloti a takarda. Ba za mu kai wa safiyo kuɗi ba alhali muna da kai."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Shekara ta biyu ke nan ina Makarantar Nazarin Muhalli da ke nan Gwarzo, kuma wannan ne karon farko da wani babba a danginmu ya neme ni a matsayin wanda ya san wani abu. Da can in an kira ni, aike ne: sayo kati, kai saƙo, duba mini wayar nan ta ƙi kawo wuta. Na aro tef mai mita 50 a wajen abokina, na cika waya da caji saboda GPS, na sayi sabon littafi. Har guga na yi wa rigata.

Malam shi ne kakana na wajen uwa. Shekara uku ke nan da rasuwarsa ba a raba gado ba. Ya bar mata ɗaya, wato Kaka, da 'ya'ya tara, maza biyar, mata huɗu. Dukiyar kuwa tsohon gida ne da lambun da ke bayansa, a gefen wani gari a ƙasar Kabo. Sunan garin dai ku yafe ni, maganar ta cikin gida ce. Da can wurin bayan gari ne sosai. Sai kwalta ta matso, masu buga bulo suka biyo ta, dillalai kuma suka fara sallama a ƙofar gida.

Asabar da sassafe na shiga mota daga Gwarzo zuwa Garo, daga nan na hau acaɓa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan da kaka ya san yadda take. Ruwa ya ɗauke, amma ƙasa ba ta gama bushewa ba. An yanke gero an ɗaure dammuna, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran nata lokacin. Ana cirar gyaɗa, yara na biye suna kala, harawa kuma an ɗora ta a kan rassa da rufin ɗakuna don kada awaki su riga rani. Iskar safe ta fara ɗan cizo, alamar hunturu na hanya. Ɗan acaɓan ya ce bana an gode Allah, taki ne dai ya so ya karya mutane.

Gidan na ƙasa ne, ginin tubali. Mahaifin Malam, wanda a gida ake kira Alhaji Babba, shi ya gina shi a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Kuɗin gyaɗa ne. Tun da jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya daga Kano a 1912, gyaɗa ta zama abin neman kowa, shi kuwa yana saye a ƙauyuka yana ɗora wa jakuna zuwa birni. Zauren yana da bakan gizo guda biyu da suka haɗu a tsakiya, rufin azara ne, a sama ga zankwaye, biyu sun karye. Na sa tef a gindin katangar zauren don son sani, kaurinta ya kusa mita ɗaya. Shi ya sa ko da tsakar rana in ka shiga sai ka ji kamar an kunna maka fanka. Arzikin gidan ya fara ja da baya bayan farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. Tun daga nan sai dai yaɓe da faci.

Na tarar da Kaka a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Lale da maigidan! Yau ka tuna kana da mata? Ina cefanen?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Ai ke kika yi yaji, Kaka, biko na zo."

Ta yi dariya har da tafi. Sai idonta ya sauka a kan tef ɗin da ke rataye a kafaɗata. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Au, likkafani ka zo aunawa?" Ta ci gaba da ɓararta. Na yi dariya don na ɗauka cikin wasan ne.

Ta wata 'yar ƙofa a bayan gida ake shiga lambun. Rabona da shi tun ina aji uku na sakandare, kuma ko a lokacin ido na kan mangwaro ne, ban taɓa tsayawa na kalli wurin ba. Shingensa lalle ne, ya yi kauri har akuya ba ta iya ratsawa. Kana sa ƙafa busasshen ganye zai fara ƙara a ƙarƙashinka. Kukar da ke kusurwar gabas ta kusa tsiraita, mata sun tsinke na miya, sauran yana zuba da kansa. Can gefe kuma gawo guda biyu suna fitar da sabon ganye shar, kamar yanzu damina ta sauka. Haka gawo yake, da damina yake zubar da ganye ya bar amfanin gona ya sha rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya. An koya mana wannan a aji da sunan Latin, na rubuta a jarrabawa na ci maki, amma ranar ce na fara tsayawa a gindinsa na ɗaga kai. Lemu ya fara sauya launi. Gwaiba saura ta ƙarshe, jemagu sun ɓantari rabi sun bar rabi. A bakin kwalbatin ƙasa da ruwa ke bi ga zoɓo ya yi jajir, ga kabewa ta kwanta a cikin ciyawa.

A bakin rijiya na samu Baba Mai Lambu yana wanke guga. Dogo ne, ya ranƙwafa, shekarunsa sun kusa tamanin. Tun ina ƙarami nake ganinsa, kuma a zatona ɗan'uwan Malam ne na nesa.

"Barka da aiki, Baba."

"Yauwa jikan Malam. An ce kai ne mai awon."

Bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye guga, ya goge hannu a riga, ya karɓi bakin tef. Shi ya riƙe mini har muka gama. Sai dai duk inda muka tsaya kafa fegi, sai ya gabatar mini da bishiyar da ke kusa kamar mai gabatar da dangi a wajen suna. Wannan mangwaron fafaranda ne, ubansa ya dasa, daga birni aka kawo irin. Wancan binta siga ne, shi da kansa ya yi masa aure shekarar da aka haifi mahaifiyata. Tsamiyar can ta girmi gidan. Giginyun nan biyar an bar su ne don in azara ta ruɓe a samu ta canji, don gara ba ta cika cin giginya ba. Ya nuna mini wani kututture a bakin rijiya, ya ce nan jigo yake a da, da shi ubansa yake ɗebo ruwa daga asuba zuwa hantsi. Daga baya aka sayi ƙaramin inji, amma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ya koma guga, yana shayar da ƙananan kawai, manyan ai saiwarsu ta kai ruwa.

Ni dai ina rubutu. Da la'asar na haɗa lissafi: tsawo kamar mita 120, faɗi kamar 100, wato hekta ɗaya da ɗigo biyu. Saboda an koya mana cewa duk abin da ke kan fili a sa shi a taswira, na ƙirga bishiyoyin: mangwaro 21, gwaiba 14, lemu 9, giginya 5, dabino 4, tsamiya 3, gawo 2, kanya 2, ɗorawa 2, kuka 1. Sittin da uku.

Bayan isha'i na zauna a soron Malam na buɗe kwamfuta, ina sauri kafin batir ya mutu. Aikin bai yi wuya ba. Murabba'in mita 12,000, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na hanyoyi, saura 9,000. Fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari, wato kusan mita 15 da 30, ya ba ni 20 cif. Har na yi rabon a gefen takarda: Kaka tumuni, biyu da rabi, kowane namiji biyu da rabi, kowace mace ɗaya da kwata. Na daɗe ina kallon ɗaya da kwatan nan. Mahaifinmu ya rasu ina firamare. Da keken ɗinki da adashi Umma ta biya mini kuɗin ND, kuma na san a ranta ta riga ta raba kuɗin fulotin nan biyu: HND ɗina da kayan ɗakin ƙanwata. Zanen ya yi kyau, layuka a miƙe, kamar wanda malaminmu zai ba maki mai yawa.

Sai na kunna shafin da na sa bishiyoyi da gine-gine, ya hau kan zanen. Rijiyar ta faɗa a fuloti na bakwai, daidai kusurwar da duk mai gini zai so ya haƙa masai. Tsamiyar da ta girmi gidan tana tsakiyar mahaɗar hanya. Hanyar mai mita tara da na ja daga kudu zuwa arewa kuwa ta bi ta tsakiyar wani ɗan murabba'i da na rubuta wa "ɗaki" da rana ban kula ba. Ɗakin Baba ne.

Na fito tsakar gida. Kaka na kan tabarma tana jan carbi.

"Kaka, in an sayar, Baba ina zai koma? Shi nawa ne rabonsa?"

Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta sassauta murya, ko da yake mu biyu ne kawai. Ta ce Baba ba shi da gado a gidan nan. Kakansa sayo shi aka yi yana yaro, zamanin Sarki Alu, kafin Turawa su ci Kano, aka kawo shi gandun kakan Malam. A nan ya yi aure, a nan ya haifi uban Baba. Uban Baba ne ya haƙa rijiyar, shi ya dasa yawancin mangwaron lokacin da Alhaji Babba yake harkar gyaɗarsa. Ba a taɓa yanka musu albashi ba. Suna ci daga lambun, ana yi musu ɗinkin salla, in bikinsu ya tashi gida ya ɗauka. 'Ya'yan Baba maza biyu suna birni suna tura baro a kasuwa, sun yi sun yi ya koma wajensu ya ƙi. Ta ce, "Malam ya sha cewa zai yanka masa wuri ya rubuta. Yau ne, gobe ne, har ta Allah ta kasance."

Daga baya na bincika. Sarki Alu ya yi mulki daga 1894 zuwa 1903. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wato a takarda uban Baba bai taɓa zama bawa ba. A ƙasa kuwa ya yi wa wani gida aiki har ya mutu bai mallaki taku ɗaya ba, ɗansa ma haka. Kuma abin bai tsaya a gidanmu ba. Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, waɗanda mu yaran yanzu muka sani da hawan salla da kwalliyar dawakai, gandayen sarki ne a da, bayi ne suka noma su.

A daren nan na tuna wata lakca ta zangon da ya wuce. Wani malaminmu ya nuna mana hotunan gidajen manyan masu ƙasa a karkarar Ingila, da lambunansu. Ya ce akwai wata ƙungiya, National Trust, da aka kafa a 1895, tana riƙe da ɗaruruwan irin waɗannan wurare, kuma a watan Oktoba mutane kan biya kuɗin shiga don kawai su zaga su ga ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa yana zuba. Aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, a kawo su hostal ɗinmu su share mana kyauta." Ni ma na yi dariya. Malamin ya ƙara da cewa a 2020 ƙungiyar ta fitar da rahoto a kan wurare 93 da ke hannunta waɗanda tarihinsu ya haɗu da cinikin bayi ko mulkin mallaka, aka yi ta ce-ce-ku-ce a can. Wannan ma na rubuta shi ne don jarrabawa. Haka da aka kai mu Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909: na ɗauki hotuna, na yaba bakan gizo, na rubuta rahoto. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa ina da irin wannan a gidan kakata, da zaurensa da lambunsa, har da labarin da ba a son faɗa da ƙarfi.

Kafin batir ya mutu na yi zane na biyu. Na ware murabba'in mita 4,000 a ɓangaren rijiya, inda tsofaffin bishiyoyi suka fi yawa, a bar shi na kowa. Sauran ya ba da fuloti 13, na rubuta wa ɗaya "Baba". A wannan lissafin rabon Umma ya sauko daga ɗaya da kwata zuwa kashi uku cikin huɗu na fuloti. Rabin fuloti ya tafi, kuma na san ko wane rabi ne.

Da safe Kawu ya zo. Na nuna masa na farko, ya yi murmushi ya ce boko ta yi rana. Na nuna masa na biyu, murmushin ya ɗauke.

"Wa ya sa ka wannan?"

"Ba kowa, Kawu. Gani na yi..."

"Zauna in faɗa maka abin da ba a koya muku ba. Ka san nawa nake kashewa a yaɓen gidan nan duk shekara? Ka san maginin ƙasa nawa suka rage a garin nan? Ɗaya, shi ma ido ya fara ba shi matsala. Mangwaron da kake tausayi, lokacinsa kowa na da shi, kwando ba ya biyan kuɗin mota, rabi kuma yaran gari ne ke jifa. Mu tara ne, jikoki sun haura arba'in. Yau muna ga maciji da juna ne? A'a. Amma bari mu mutu mu bar muku shi a haɗe, wallahi sai kun yi shari'a. Gado Allah ne ya raba, kuma akwai marayu a ciki, har da kai. Ka zo da tausayin bishiya, ƙannenka mata su ci inuwa?"

Ban iya ce masa komai ba, don babu ƙarya a maganarsa. Na san bashin da ke kansa, na san 'yarsa ce za a aurar bayan salla. Na ce, "Baba fa?" Ya kawar da kai, ya ce, "Wannan kuma za a duba." Irin za a duban da Malam ya yi ta yi.

Na zaga bayan shinge na kira Umma. Na karanta mata lissafin duka biyu, ban rage komai ba. Na ji keken ɗinkin ya tsaya.

"A gindin tsamiyar nan aka sa ni a lalle," in ji ta. "Baba kuwa a kafaɗarsa nake tsinkar gwaiba. Ka kai musu takardun duka biyu."

"Umma, HND ɗin fa?"

"Rabin fulotin naka ne ko nawa? Wanda ya biya maka ND bai mutu ba."

Bayan sati biyu aka yi taro a zaure, da limamin unguwa da wakilin dagaci. Ni aka ba aikin riƙe takardu, ba a ba ni baki ba. Ba zan ce muku zane na biyu ya yi nasara ba, don bai yi ba. Maza huɗu da mace ɗaya suka ce a sayar duka, kuma haƙƙinsu ne, ba mai tilasta wa magaji ya bar rabonsa. Ana shirin shafa fatiha sai Kaka ta yi gyaran murya daga bayan ƙyaure. Ta ce ita tumuninta ba ta son kuɗi, a yanka mata shi ƙasa, a ɓangaren rijiya, kuma ta yi wakafinsa: ruwan na duk mai ƙishirwa, 'ya'yan itacen na makarantar allon unguwa, Baba ne mai kula har ƙarshen ransa. Wani daga cikin kawunnaina ya fara cewa ai Inna da kin bari an yi shawara. Liman ya ce mai rai da lafiya da hankalinsa yana da iko da dukiyarsa. Sai Umma ta ce ta ba Baba kwatan fuloti daga nata, kyauta, a rubuta da sunansa. Ƙanwarta ta ce ita ma haka. Kawu ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kauda hanyar nan daga kan ɗakinsa."

Zane na uku shi ne wanda aka sa wa hannu. Wakafin Kaka murabba'in mita 1,500, da rijiya da tsamiya da kuka da gawo ɗaya a ciki. Kusa da shi rabin fuloti na Baba, ɗakinsa a tsakiya. Na sake ƙirga bishiyoyin da suka tsira: 14. Sauran 49 suna cikin fulotan sayarwa, kuma mai injin yankan katako da masu gawayi sun riga sun zo sun yi tayi. Gidan kansa an bar shi muddin Kaka na raye. Bayan nan, Allah ne masani.

Da aka kai wa Baba takardar, ya sa aka karanta masa sau biyu. Ya karɓa ya naɗe ta ya sa a aljihun gaba, ya ce Allah ya yi albarka. Sannan ya ce mini, "Jikan Malam, gobe ka zo da reza sabuwa." Washegari ya zaunar da ni a gaban wasu ƙananan mangwaro da ya shuka a leda. Ya yanko 'yan rassa daga fafarandar da ubansa ya dasa, wadda ta faɗa a fuloti na goma sha ɗaya, ya nuna mini yadda ake fere reshe kamar bakin alƙalami, a tsaga kan ƙaramin, a zura, a ɗaure da leda tam kada iska ta shiga. Ya yi biyu, na yi uku, hannuna na rawa. Ya ce in za a sare uwar, ai ba a sare irin ba.

Na je wajen malamin da ke duba firojet ɗina na roƙi a canja mini batu, ya yarda. Yanzu gidan nake aunawa ɗaki-ɗaki, da kaurin katanga da tsawon azara da inda kowane indararo yake zubar da ruwa, ina kuma ɗaukar muryar Baba da ta Kaka a waya. A taswirar lambun, kusa da kowace bishiya, har waɗanda za a sare, na rubuta sunan wanda ya dasa ta. Sunan uban Baba ya fito sau goma sha tara. Na Alhaji Babba bai fito ko sau ɗaya ba.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ku 'yan ND I da za ku zaɓi batu baɗi: na san yadda ake yi, a nemo tsohon firojet a sauya sunan gari a buga. Ni ma niyyata ke nan a da. Amma daga Getso zuwa Garo, daga Kabo zuwa Karaye, da wuya a samu garin da ba shi da tsohon zaure ko lambun da dillali ya riga ya zaga. Mu ne za a kira mu auna su, don mu ne masu arha. Ba na ce ku hana kowa rabon gadonsa ba, ni ma ban hana ba, kuma da kuɗin fuloti ɗayan da ya rage wa Umma za a yi wa ƙanwata kayan ɗaki. Abin da nake roƙo, kafin ku ja layi, ku tambayi wanda ya riƙe muku bakin tef ko shi wane ne, kuma a ina yake kwana.

HND dai sai na gama shekarar sanin makamar aiki in ga abin da na tara. Mangwaron biyar kuwa na taho da su Gwarzo, suna bayan ɗakinmu, ina ba su ruwan alwala. Uku sun kama, biyu na Baba, ɗaya nawa. Wanda ya ga leda a gindin taga ta uku, don Allah kada ya ɗauka shara ce.